Tsakanin gida da lakwal: Abubuwan da ya kamata ka sani game da fashin makaranta da haɗarin da ke bin bayansa a Maraɗi

A Maraɗi dare muke tsoro. Bayan Isha'i uba yakan tsaya a ƙofar gida yana ƙidaya 'ya'yansa, uwa kuma ba ta runtsawa sai ta ji an sa sakata. Hantsi kuwa mun sakankance da shi, tunda yara sun tafi lakwal. Amma duk wanda ya ratsa unguwar Zariya wajen ƙarfe 10 na safe, lokacin da maza suka watse kasuwa, mata kuma na cikin gida suna fama da daka da wanki, zai ga abin da iyaye ba sa gani. Ga samari uku a gindin dogon yaro, jakunkunan littattafai a jingine da katanga, butar shayi na tafasa a kan gawayi. Ga yarinya ta rufe kayan makaranta da dogon hijabi, ta tsayar da ɗan kabu-kabu, sun nufi hanyar da ba ta lakwal ba. A gida an san suna aji, a aji kuma an ɗauka suna gida.

Wata shekara na raka maƙwabciyarmu makarantar ɗiyarta, don ta ce in zo in karanta mata takardar da aka ba ta da Faransanci. Malamin ya buɗe rajista a gabanmu, ya bi layin sunan yarinyar da yatsa.

"Mushe, ɗiyata kullum da sassafe take fita," in ji uwar. "Ni da hannuna nake ba ta dala ashirin ta kalaci."

"Hajiya, ki yi haƙuri, ga shi a rubuce. Yau kwana 23 ba ta amsa kira ba."

"To mi ya hana a aiko mini tun kwana biyu?"

Malamin ya juya ya dubi ajinsa, wanda ya cika har wasu na zaune a ƙasa, bai ce komai ba. Wannan tambaya ta Hajiya ita ce na daɗe ina juyawa a raina, kuma ita ce ƙashin bayan wannan bayani.

Wane ne mai fashi?

Kalmar fashi tana sa mu tuna yaro mai taurin kai wanda ya fi son yawo da karatu. Akwai irinsa, amma shi kaɗai bai cika hoton ba. Akwai yarinyar da ake tsayarwa ranar Litinin da Juma'a, ranakun da kasuwar Maraɗi ke cika, don ta ɗauki talla. Akwai yaron Jiratawa da ke bin mahaifinsa garka lokacin yankan zogale ko ban ruwa, da na ƙauyukan Tsibiri da ba ya shiga aji sai an gama girbin gero da ɗaurin damma. Akwai yarinyar da ke zama gida kwana huɗu ko biyar kowane wata domin makarantarsu ba ta da makewayi mai ƙofa, ba ta da ruwa, ita kuma ba ta da ƙunzugu mai kyau. Akwai wanda aka kora don bai kawo kuɗin da aka nema ba, ya ji kunyar faɗa a gida.

Sannan akwai fashin da ba na yaro ba ne. Yawancin malaman makarantun gwamnati a Nijar 'yan kwantiragi ne, kuma an sha shekarun da jinkirin albashi ya jawo yajin aiki na makonni. Idan malami bai zo ba, ko aka sallami aji tun ƙarfe 9, yara ɗari sun samu awa huɗu da babu mai tambayarsu. Makarantun da ke da azuzuwan zana ma sukan makara wajen buɗewa, don sai an samu kara bayan girbi. Mutanen Maraɗi ba za su manta da ranar 8 ga Nuwamba 2021 ba, da wuta ta kama irin waɗannan azuzuwa a cikin gari ta halaka ƙananan yara fiye da 20.

Wurin da aka fi zubewa shi ne ajin farko na koleji. Gwajin PASEC na 2014 ya nuna cewa a Nijar, cikin yaran da ke ƙarshen firamare, waɗanda suka iya karatu yadda ya kamata ba su kai 10 cikin 100 ba. An samu ci gaba a gwajin 2019, amma har yanzu yara da yawa suna shiga koleji ba sa fahimtar harshen da ake koyar da su da shi. Yarinyar da ke zaune awa biyar tana kwafar abin da ba ta ganewa, a ƙarshen zango a kira sunanta na ƙarshe a gaban kowa, ba ta buƙatar shaiɗan ya raɗa mata komai kafin ƙafarta ta yi nauyi. Ɗiyar maƙwabciyarmu haka ta fara: kunya ce ta fitar da ita daga aji, sauran abubuwan daga baya suka same ta a waje.

Abin da bincike ya tabbatar

An yi bincike mai ƙarfi a kan wannan batu a ƙasashen Afirka da cutar Sida ta fi yi wa ɓarna, kuma sakamakon ya yi kama da juna.

A yankin Mpumalanga na Afirka ta Kudu, masu bincike sun bi 'yan mata 'yan makaranta 2,533, masu shekara 13 zuwa 20, na tsawon shekaru, aka wallafa sakamakon a 2016. Waɗanda zuwansu aji bai kai kashi 80 cikin 100 na kwanakin karatu ba sun fi kamuwa da ƙwayar cutar Sida kusan ninki biyu a kan masu zuwa kullum. Da aka ƙara tona bayanan, sai aka ga cewa babban bambancin yana wajen irin mazan da suke hulɗa da su: masu fashi sun fi haɗuwa da mazan da suka girme su sosai. A Botswana, inda gyaran tsarin ilimi na 1996 ya sa yara da yawa suka ƙara shekara guda a sakandare, binciken da ya fito a 2015 ya kiyasta cewa kowace shekara ɗaya ta ƙarin karatu ta rage haɗarin kamuwa da maki 8 cikin 100, a ƙasar da kusan mutum ɗaya cikin huɗu na manya ke ɗauke da cutar.

A gundumar Zomba ta Malawi an riƙa ba 'yan mata da iyayensu ɗan kuɗi kowane wata. Bayan wata 18, cikin 'yan makarantar da suka samu kuɗin, kashi 1.2 cikin 100 ne ke ɗauke da ƙwayar cutar, waɗanda ba su samu ba kuwa kashi 3. A yammacin Kenya, Esther Duflo da Pascaline Dupas da Michael Kremer sun nuna cewa raba kayan makaranta kyauta kawai ya rage barin karatu da ɗaukar ciki da wuri. Dupas ta kuma gwada wani abu mai sauƙi: aka faɗa wa 'yan mata gaskiya, da alƙaluma, cewa manyan maza sun fi samari tsaransu yawan ɗauke da cutar. Ɗaukar ciki ya ragu da kashi 28 cikin 100 a makarantun da aka yi bayanin.

Kusa da mu, a Saliyo, an rufe makarantu kusan wata tara lokacin annobar Ebola ta 2014 zuwa 2015, kuma dubban 'yan mata sun yi ciki a wannan tsakani.

Dole a yi hattara wajen fassara. Ba kowane mai fashi ne ke aikata wani abu ba, kuma wani lokaci kibiyar daga ɗaya gefen take fitowa: yarinya ta daina zuwa aji ne domin wani ya riga ya taɓa ta, ko domin wanda take tsoro yana cikin makarantar, ko yana tare hanya. Sau da yawa kuma abu guda ne ke haifar da duka biyun, kamar talauci, ko mutuwar aure a gida, ko maraici. Abin da za a riƙe shi ne, kujerar da ta zauna babu kowa alama ce da ke fitowa da wuri, tun kafin ciki ko cuta su bayyana.

Nijar ba Botswana ba ce. Binciken lafiya na ƙasa na 2012 ya samu kashi 0.4 cikin 100 na masu shekara 15 zuwa 49 ɗauke da ƙwayar Sida. Don haka a nan babbar barazana ga yarinya ita ce ciki kafin jikinta ya nuna, da cututtukan sanyi da ba a magancewa, da abin da dangi za su yanke a kanta idan magana ta fito.

Kuɗi, hanya da masauki

Mu faɗi abin da kowa ya sani a unguwa. Yarinya mai shekara 14 ba ta fita da niyyar lalacewa. Tana fita da yunwa, da dala ashirin da ba ta isa sayen waina da ruwan leda, da takalmin da ya tsinke, da ƙawar da ke riƙe da salula. Wanda ke da jaka guda a aljihu yana da iko a kanta fiye da yadda muke so mu yarda. Mai shago ya yafe mata kuɗin sabulu. Ɗan kabu-kabu ya kai ta kyauta yau, ya kai ta gobe, jibi ya ce su biya ta wani wuri. Wani magidanci ya saye tallar gaba ɗaya, ya ce ta shigo zaure ta karɓi kuɗin. A al'adarmu toshi abu ne sananne, kyautar saurayi ga budurwa ba abin kunya ba ce, shi ya sa iyaka tsakanin neman aure da sayen yarinya takan ɓace, har ita kanta ba ta gane lokacin da aka ƙetare ta.

A irin wannan hulɗa ba ta da bakin cewa a'a, balle ta kawo maganar kwaroron roba. Tazarar shekaru da tazarar aljihu su ne ainihin haɗarin.

'Yan ƙauye da aka turo birni karatu sun fi kowa shiga tsaka mai wuya. Yarinyar da ta ci jarrabawa daga wani ƙauye na Madarunfa ko Gidan Rumji, aka ajiye ta gidan dangi ko gidan abokin mahaifinta a Zariya ko Ali Ɗan Tsoho, takan zama 'yar aiki kafin ta zama ɗaliba: shara, ɗebo ruwa, reno, sannan lakwal idan lokaci ya rage. Idan abincin da aka yi alkawarin aikowa daga gida ya yanke, sai ta nemi na kanta. Idan wani a cikin gidan ne ke damunta, wa za ta faɗa wa? Wannan matsala ta masauki ce ta sa tsohon shugaba Mohamed Bazoum, da ya hau mulki a 2021, ya sa gina makarantun kwana na 'yan mata a gaban shirinsa, aka fara da Kelle a jihar Damagaram.

Akwai kuma abin da ke da nauyin faɗa: wani lokaci mai cin amanar yana riƙe da alli. Malamin da ke sayar da maki da mutuncin ɗaliba ya yi laifi biyu, don ya cuci yarinyar, ya kuma ba iyaye ɗari hujjar hana 'ya'yansu karatu. Mafi yawan malamai mutanen kirki ne masu aiki cikin wahala, kuma su ya fi kamata su fara tona irin wannan.

Dattawan Tsibiri da Maraɗi suna tuna zamanin da samari da 'yan mata ke da dandali, da sarkin samari, da tsarance mai dokokinsa, inda tsara ke sa wa tsara ido, wanda ya wuce iyaka kuma ya sha tara da kunya. Malaman addini sun yi wa'azi a kan tsarance har ya kau, kuma suna da hujjarsu. Sai dai idon da ke cikinsa ya tafi tare da shi, ba a kuma kafa wani a gurbinsa ba. Yau hira ta koma cikin WhatsApp, inda babu ƙanen da ake aikowa ya zauna kusa da tabarma.

Yara maza, waɗanda ba a tambaya

Idan yarinya ta yi fashi, gida ya tashi. Idan yaro ya yi, sai a ce namiji ne, zai dawo hanya. Wannan sakaci yana da tsada.

Yaron da ya bar aji yakan sauka a fada. Fada ba mugun wuri ba ce a kanta, kuma mai binciken al'adu Adeline Masquelier ta rubuta littafi guda a 2019 tana nuna yadda take zama gida na biyu ga samarin Nijar da ba su da aiki: nan ake shan shayi, a yi shawara, a taimaki juna ranar biki ko rashin lafiya. Amma yaro mai shekara 13 da ya zauna cikin masu 20 yana ɗaukar karatunsu, kuma abin da ya sani game da mace da jikinsa daga bakinsu yake jinsa, ko daga bidiyon da ake turawa waya zuwa waya. Nan ake koya masa cewa ciwon sanyi shaidar balaga ce, cewa kafso biyu daga mai tallar magani sun isa. Nan kuma tramol ke shiga, da sunan maganin gajiya ga mai tura baro ko mai tuƙa babur, daga baya ya zama abin da ke kashe tsoro da tunani.

Maraɗi garin hanya ne. Manyan motoci suna kwana a nan tsakanin Yamai da Damagaram, wasu su gangara Ɗan Isa zuwa Jibiya da Katsina da Kano. Bayan da jihohin arewacin Najeriya suka ƙaddamar da shari'a daga shekarar 2000, mashaya da gidajen mata masu zaman kansu da dama sun ƙetaro zuwa wannan gefen iyaka. Yaron da ke yaron mota ko ɗan dako a tasha yana ganin wannan duniya tun bai mallaki hankalinsa ba. Shi ma ana iya cin zarafinsa, kuma ya fi yarinya wuyar buɗe baki. Bayan shekara goma shi ne zai zama ango, ya kai wa amaryarsa abin da ya ɗauko.

Abin da ke samun jiki

Cututtukan da ake ɗauka ta saduwa sukan ɓuya a jikin mace ba tare da wata alama ba, har su toshe hanyar ƙwai su hana haihuwa. Tunjere yana iya kashe jariri a ciki. Ciwon hanta nau'in B, wanda ya yi yawa a yankinmu, yana bin wannan hanya shi ma. Shan rabin magani daga tire yana kwantar da zafi, ya bar cutar, ya kuma koya mata jure magani.

Ciki a ƙuruciya ya fi haɗari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa uwa mai shekara 10 zuwa 19 ta fi mai 20 zuwa 24 fuskantar jijjiga da zazzaɓin bayan haihuwa, jaririnta kuma ya fi zuwa bakwaini ko da ƙarancin nauyi. Yarinyar da ta ɓoye ciki ba ta zuwa awo. Wadda ta firgita takan sha jiƙo ko ta haɗiye ƙwayoyi barkatai, a kawo ta asibiti jini ya kusa ƙarewa. Wadda naƙuda ta yi wa kwana biyu a ɗaki takan tashi da yoyon fitsari. Ba sai an je nesa ba: a Danja, kudu da Maraɗi ta hanyar Jiratawa, akwai cibiyar gyaran yoyon fitsari da aka buɗe a 2012 a harabar asibitin kutare na mishan, kuma mata na zuwa can daga sassan ƙasa.

Aure a matsayin magani

A nan ne nake so mai karatu ya tsaya. Idan uba a Maraɗi ya ji ɗiyarsa na fashi, ko an gan ta a bayan babur, maganin da ya fi kusa da hannunsa shi ne ya cire ta ya aurar. Ban ɗauki wannan uba mugu ba. Tsoron abin kunya yake yi, yana kuma ganin makarantar da ba ta iya faɗa masa inda ɗiyarsa take ba. Amma a dubi alƙaluma. Binciken 2012 ya nuna kashi 76 cikin 100 na matan Nijar masu shekara 20 zuwa 24 an aurar da su kafin su kai 18, kashi 28 kafin 15. A jihar Maraɗi adadin waɗanda aka aurar kafin 18 ya kai 89, mafi yawa a ƙasar. A ƙasa baki ɗaya, kashi 40 na 'yan mata masu shekara 15 zuwa 19 sun riga sun haihu ko suna da ciki. Matsakaicin haihuwa ya kai 7.6 ga kowace mace a ƙasa, a Maraɗi ya haura 8, kafin binciken 2021 ya nuna na ƙasa ya sauko zuwa 6.2.

Ma'anar wannan ita ce, yawancin 'yan matan da ke ɗaukar ciki da wuri a jiharmu a ɗakin aure suke ɗaukarsa. Ƙugun yarinya mai shekara 14 bai san an ɗaura aure ko ba a ɗaura ba. Mijin da ya girme ta da shekara 15, wanda ya yi yawon duniya ko yake da wasu mata, yana iya kawo mata cutar da ake gudu. Auren gaggawa yakan rufe bakin mutane, amma yakan bar haɗarin jiki yadda yake, ya ƙara da rufe ƙofar karatu. Idan kuma auren ya mutu bayan shekara biyu, kamar yadda auren dole ya saba, sai ta dawo ƙaramar bazawara da goyo, babu takarda babu sana'a, a hannun masu jaka guda ɗin nan da aka so a tsare ta daga gare su.

Ina ganin akwai rashin adalci kuma a yadda muke yanke hukunci da zato. Musulunci ya tsananta a kan ƙazafi, ya ɗora wa mai zargi nauyin shaidu huɗu. Amma a unguwa, ganin yarinya sau ɗaya a inda ba a zata ba ya isa a kashe mata suna. Namijin da ya ja ta kuwa yana nan a sahun gaba.

Me doka ta ce?

Dokar farar hula ta Nijar ta sa shekarun aure 15 ga mace, 18 ga namiji, kuma yawancin aure a gargajiyance da addinance ake ɗaura shi, ba ya bi ta gaban hukuma. A ranar 5 ga Disamba 2017 shugaba Mahamadou Issoufou ya sa hannu a kan dokar kare yarinya 'yar makaranta da tallafa mata, sannan a 2019 ministoci suka fitar da umarnin da ya ba ɗalibar da ta yi aure ko ta yi ciki damar ci gaba da karatu, ta kuma koma aji bayan haihuwa. Iyaye da yawa ba su san da wannan ba. A Disamba 2019 kotun ƙungiyar ƙasashen yammacin Afirka ta yanke cewa hana masu ciki zuwa makaranta da Saliyo ta yi wariya ce, ƙasar kuma ta janye haramcin a 2020.

Dokar hukunta laifuka ta tanadi ɗauri a kan fyaɗe da yaudarar ƙaramin yaro ko yarinya a raba su da hannun iyaye. Dokar lafiyar haihuwa ta 2006 ta amince da haƙƙin samun bayani da kulawa, ta kuma taƙaita zubar da ciki ga yanayi ƙalilan, kamar ceton rai ko lafiyar uwa. Abin da ke kashe shari'a a nan shi ne sulhun zaure: a tara dattawa, a karɓi ɗan kuɗi, a ce a rufa asiri. Asirin mai laifi ake rufawa, shi kuma ya koma ya nemi wata.

Kwana uku na farko

Idan an ci zarafin yarinya ko yaro, ko an yi saduwar da ake tsoron sakamakonta, lokaci yana da muhimmanci ƙwarai. Akwai maganin da ke hana ƙwayar Sida kama jiki, amma sai an fara shi cikin awa 72, a sha kwana 28. Maganin hana ɗaukar ciki na gaggawa yana aiki har zuwa kwana biyar, ya fi ƙarfi idan an sha da wuri. A je gidan likita kafin a je gidan mai unguwa, kuma idan fyaɗe ne kada a wanke tufafin. Maganin Sida kyauta ne a asibitocin gwamnati, kuma wanda ke shan sa yadda ya kamata yana rayuwa, ya yi aure, ya haifi 'ya'ya lafiya.

Ma'aikatan lafiya su ma da nasu. Yarinyar da ta shigo da rawar jiki, aka tarbe ta da "ke ba ki da kunya", ba za ta sake dawowa ba, ƙawayenta ma ba za su zo ba.

Abin da ke hannunmu

Ba daga sifili za a fara ba. A jihar Maraɗi aka haifi Mata Masu Dubara a 1991, asusun mata da ya bazu zuwa ƙasashe da dama, kuma uwar da ke da ɗan jari ba ta dogara da tallar ɗiyarta. Shirin Ilimin Zaman Duniya, da aka fara a 2013 da tallafin asusun kula da yawan al'umma na Majalisar Ɗinkin Duniya, yana tara 'yan mata a wuri amintacce tare da babbar mace mai koya musu karatu da sanin jikinsu. Makarantar mazaje da aka fara a Damagaram ta nuna cewa magidanta na sauraro idan 'yan'uwansu maza ne ke magana. Fadar Sarkin Katsinan Maraɗi da ta Sarkin Gobir a Tsibiri, da limaman Juma'a, suna da muryar da ta fi ta kowace ƙungiya isa cikin zaure. Abin da nake fata su ƙara a huɗuba shi ne kiran sunan laifin babban mutum mai farautar 'yan makaranta, da irin zafin da ake kiran na yarinya.

A gida, tambayar da ta fi amfani ba ta buƙatar boko. Buɗe littafin yaro ka dubi kwanan watan darasin ƙarshe, ko ka sa wani ya duba maka. Ka san ƙawar ɗiyarka da gidansu. Idan ka ga sabon abu a hannunta, waya ko turare ko takalmi, ka tambaya da murya mai sanyi, domin duka yana koya wa yaro ɓoyewa ne kawai. Uwa ko gwaggo ta yi wa yarinya bayanin haila da ciki kafin ta ji a bakin ƙawa, kawu ko wa ya zaunar da yaro. Binciken Kenya ya nuna cewa gaskiya, idan an faɗe ta dalla-dalla, tana canza zaɓin yarinya.

A makaranta kuwa, rajistar kira ita ce kayan aikin da ya fi araha. Kusan kowane gida a Zariya akwai salula. Kwamitin iyaye da ƙungiyar iyaye mata na makaranta suna iya ɗaukar nauyin kira ko aike duk ranar da yaro ya yi kwana biyu bai zo ba, tunda malami ɗaya ba zai iya bin yara masu yawa haka ba. Idan an sallami aji da wuri, a sanar. Idan yarinya ta dawo bayan fashi, a tambaye ta dalili a keɓe kafin a kai ga bulala.

Ɗiyar maƙwabciyarmu ba ta koma aji ba. Kafin watan azumi na waccan shekarar aka ɗaura mata aure, aka kai ta wani ƙauye ta wajen Tsibiri. Ƙanwarta ce yanzu a koleji. Ranar da aka kai ƙanwar makaranta, Hajiya ta sa na rubuta lambar wayarta a takarda, ta miƙa wa malamin da hannu biyu.

"Mushe, ga wannan. Ko rana ɗaya ba ka gan ta ba, ka kira ni. Ni zan biya kuɗin kiran."

Ya karɓa, ya kwafe lambar da jan biro a gefen sunan yarinyar. Sau biyu ya kira a zangon farko. Na farko zazzaɓi ne ya kwantar da ita a gidan kakarta. Na biyu, Hajiya ta yafa mayafi ta fita nema, ta same ta zaune a bayan katangar makaranta tana kuka, an kore ta daga aji saboda ba ta da littafin lissafi na jaka guda da rabi.